Ranar da Injiniya Ya Goge Motar Baba

Ranar da Auta ta fara ganin Injiniya, wayarta ce ta ƙi kunnuwa. Ta shiga shagon buga takardu da ke bakin titinsu, ta tarar da wani dogon saurayi a bayan kanta, biro uku a aljihun riga, yana ba wata tsohuwa labarin yadda ya taɓa gyara na'urar asibiti ta waya ba tare da ya ko gan ta ba. Ya karɓi wayar Auta, ya juya ta, ya hura mata iska, ya kara ta a kunne kamar likita, ya ce ciwon ya yi nisa amma an kawo ta inda ya dace. Yana cikin magana wayar ta suɓuce ta bugi kanta, batirin da ya goce ya koma mazauninsa, fuskarta ta kawo haske. Ko a jikinsa. Ya miƙo mata ya ce wannan salon gyaran a wurinsa kaɗai ake samu.

Auta ta ga abin da ya faru sarai. Amma ta ga wushiryarsa, ta kuma ga yadda ya kasa haɗa ido da ita lokacin da yake miƙo mata wayar. Sai ta yi godiya ta yi shiru. Shirun nan ta yi ta yi har shekara biyu.

Ba injiniya ba ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, unguwa ta karɓa don nishaɗi, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce. Aikinsa a shagon bai wuce danna koren maɓallin injin kwafi ba. Wata shida ke nan yana neman kalma ɗaya daga bakin Auta, ta amincewa da aurensa, ita kuma tana ce masa sai ya ga Baba, sai Baba ya gan shi.

Baba direban babbar mota ne, shekara talatin da huɗu a kan titi bai taɓa gogar ko akuya ba. Gwiwa ce ta sauke shi. Da Yaya, wan Auta, ya ga tsohon ya koma zama a ƙofar gida yana bin kowace mota da ido, sai ya kawo masa kwamfuta da sitiyarin roba da feda biyu, ya sa masa wasan tuƙin babbar mota. Baba ya ce kayan yara ne. Bayan sati biyu ya fara sa hularsa ta aiki kafin ya zauna. Ba ya wuce danja, ba ya shan kwana bai duba madubi ba, in ya ji barci sai ya faka. Motarsa shuɗiya ce, Shuɗiya yake ce mata. Wasan yana ƙirga kilomitan da direba ya yi ba haɗari, wanda ya cika miliyan ɗaya ana ba shi lasin zinare. Shekara uku Baba yana tarawa. Saura masa dubu ɗaya da ɗari shida.

Har fasinjoji gare shi. Kullum da rana Tela da Mai Aski sukan jawo kujeru su zauna a bayansa, Tela ya yi ta gyangyaɗi kamar a doguwar tafiya ta gaske, Mai Aski ya yi ta kushe hanya.

Ranar Talata sauti ya ɗauke. Mota tana tafiya, amma ba kukan inji, ba oda, ba ƙarar birki. Baba ya ce shi da kunne yake sa giya, ba da ido ba, kuma ba zai yi cacar shekara uku a kan motar da ba ya jin numfashinta ba. Ya faka Shuɗiya a gefen hanya dab da wata gada, ya cire hula. Yaya ya yi tafiyar aiki. Kwana huɗu Baba yana zaune gaban kwamfuta hannu a cinya. Auta ta yi kuskuren ba da labarin a shago, ta ga idon Injiniya ya kawo wuta. Tun kafin ta rufe baki ya riga ya tsara komai: zai je, zai gyara, Baba zai miƙe ya rungume shi, magana ta ƙare.

Asabar bayan abincin rana ya iso, riga a goge, biro huɗu wannan karon. Ya durƙusa ya yi ta gaisuwa har sai da Baba ya ce ya isa haka. Fasinjoji suna kan kujerunsu, Mama tana kai-komo tsakanin falo da ɗakin girki, Auta ta jingina da ƙofa riƙe da tiren shayi.

Injiniya ya tsaya gaban kwamfutar hannu a baya. Ya dube ta ta dama, ya dube ta ta hagu. Ya murɗa abin ƙara sauti na lasifika har ƙarshe, bai ji komai ba, ya girgiza kai. Ya ce wasan ne ya gaji. Shekara uku ana tuƙa shi ba hutu, dole murya ta dishe. Magani ɗaya ne, a cire shi ɗungurungum a sake sa shi sabo. Aikin minti biyar ne, shi ma don akwai manya a wurin ne zai bi a hankali.

Baba ya gyara zama. "Kilomitocina fa?"

"Baba, ai kilomita ba ya ɓata. Suna can ciki a ajiye. Ka bar min kawai."

"A ina ciki?" in ji Mai Aski.

Injiniya ya ce in ya fara bayani sai gobe, kuma ba kowane kai ne zai ɗauka ba. Mai Aski ya ce shi kuwa kawuna yake taɓawa tun safe har yamma, ya san mai kaya a ciki, ya san wanda in an ƙwanƙwasa amsawa yake yi kamar tulu.

Dannawar farko, wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da rubutu layi biyu. Auta ta miƙa wuya. Ba a makaranta ta ƙoshi da karatu ba, da kanta ta ƙarasa, daga takardun cikin kwalin magani zuwa littattafan soyayya na aro. Shi ya sa har yau a hankali take bi, kalma bayan kalma, ba ta tsallake ko ɗaya. Ta kai inda aka ce wasan yana buɗe, a rufe shi tukuna, sai akwatin ya ɓace. Injiniya ya kore shi. Ya sake fitowa, ya sake korar sa. Sau biyar ana haka.

Tela ya tambaya me na'urar ke cewa. Injiniya ya ce irin wannan rubutun ba don irinsu ake yin sa ba. Masu koyo ne ke karantawa, ƙwararre hannunsa ya san hanya. A karo na shida ya ce ta fiye taurin kai, ya rarrafa ƙarƙashin tebur, ya ture wani baƙin fulogi da ke yashe a ƙasa yana cewa wayoyin banza sun yi yawa a gidan nan, ya kama babbar wayar wuta ya fizge ta daga bango.

Allo ya yi baƙi ƙirin. Baba ya dafe gwiwa ya ce tsawon aikinsa bai taɓa kashe mota tana cikin giya ba. Da aka mayar da wuta, kwamfutar ta daɗe tana jero wasu fararen lambobi, tana duba jikinta ko ta ji rauni. Injiniya ya naɗe hannu ya ce ladabi take koyo.

Da ta dawo hayyacinta, ya kama ɗan hoton motar da ke kan allo, ya ja shi ya jefa a kwandon shara, ya karkaɗe hannuwa ya ce an cire. Ya nemi faifan wasan. Mama ta zaro shi daga aljihun tebur, a cikin wata tsohuwar safa. Ya zura shi. Wani akwatin ya fito.

"Wai wasan yana nan, ba a cire ba," in ji Auta a hankali.

"Ƙarya take yi. Da hannuna na jefar da shi, kowa ya gani."

Mai Aski ya ce abin da shi ya gani, mutum ya cire lambar ƙofa ya ce ya rushe gida. Injiniya bai kula shi ba. Ya ce yanzu ya gane, ciwon a cikin jiki yake, sai an yi tiyata, bari ya ɗauko jakar kayan aikinsa a shago. Ya fita da sauri. Baba ya miƙe don ya ɗan motsa gwiwa, fasinjoji suka raka shi ƙofar gida shan iska.

Auta ta ajiye tire. Akwatin yana nan a buɗe, ba wanda ya kore shi. A ƙasansa akwai wani ƙaramin rubutu da ke cewa a karanta wannan kafin a cire wasa. Ta danna, ta ɗora yatsa a kan allo ta fara bi. Wai cire wasan yakan tafi da tarihin direba, kilomitansa da motarsa da komai. Wanda ke son nasa ya kwafi folda kaza, tana wuri kaza, ya ajiye a gefe. Ta zaro ɗan filas ɗin adana bayanai da take tara labaran soyayya a ciki daga jikin makullanta, ta soka a jikin kwamfutar, ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, tana komawa tana sake karantawa. Wani koren layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama.

Ya wuce rabi ta ji muryar Injiniya a ƙofa. Labarin na'urar asibiti yake bayarwa, sai dai yanzu ta zama ta jirgin sama. Layin ya kusa kai wa bango, takun ƙafa ya kusa kai wa falo. Ta zare filas ɗin ta dunƙule a hannu, ta koma jikin ƙofa. Ko ya gama kwafa, ko bai gama ba, ba ta sani ba. Da ta so sai ta ce a dakata. Amma hakan na nufin ta faɗa a gaban Baba cewa mutumin da ta kawo bai san abin da yake yi ba, kuma bakinta bai saba ba.

Jakar kayan aikin sukundireba biyu ce, da tocila marar batir, da buroshin haƙori. Ya kwance kusoshi shida, ya buɗe cikin kwamfutar, ya cika kumatu ya hura. Ƙurar shekara uku ta tashi ta rufe masa fuska, ragowar ta sauka a shayin Baba. Ya yi atishawa huɗu a jere. Don kada a ce bai yi komai ba, ya kama wani koren ɗan allo a ciki ya jijjiga shi kamar mai duba haƙori. Da aka kunna, allo bai kawo ba, sai wani kuka siriri daga cikin na'urar, sau uku, ta huta, ta sake.

"Kun ji ko? Sauti ya fara dawowa."

"Wannan ba kukan inji ba ne," in ji Baba.

Mai Aski ya ce kukan neman agaji ne, in da tana da ƙafa da tuni ta kai bakin titi. Tela, wanda ya shekara ashirin yana lallashin keken ɗinki, ya leƙa ya ga koren allon ya karkace, ya sa babban yatsa ya danna shi har ya ce ƙas. Kwamfuta ta tashi. Injiniya ya ce daidai abin da yake shirin yi ke nan, an riga shi ne kawai. Ya mayar da murfi, kusoshi uku suka rage a hannunsa. Ya ce kamfani kan sa ƙari don ado, ya zuba su a aljihu.

Daga nan ya shiga danne-danne, ya buɗe nan ya rufe can, har Allah ya kai yatsansa kan ainihin wurin da ake cire wasa. Wani babban akwati ya fito, da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Auta ta matso. Tambaya ce: a goge har da tarihin direba?

"Tsaya," ta ce.

Ya riga ya danna. Ya waiwayo da wushiryar nan tasa ya ce mata kullum eh ake dannawa, na'ura ba ta son gardama. Auta ta ƙara matse abin da ke hannunta har ya yi mata shaida a tafi.

Sake sa wasan kuwa, nan aka ga haƙuri. Koren layi ya tafi lafiya har kashi casa'in da tara, ya tsaya. Injiniya ya ƙirga goma, ya ce ya maƙale, ya soke, ya faro daga farko. Ya sake kai casa'in da tara, ya sake sokewa. Tela ya ce shi ma in ya zo bakin kalmasa yakan rage gudu, ba ya yage rigar ya sake yanka. Injiniya ya ce ɗinki daban, kimiyya daban. A karo na uku, layin yana isa wurin, Mama ta fito ta danƙa masa kofin shayi a hannun dama, faranti a hannun hagu, ta tsaya a kansa ta ce ya sha tun da zafi. Kafin ya sami inda zai ajiye, layin ya cika da kansa.

Sai na'ura ta nemi lambar sirri, wadda ke jikin kwalin faifan. Aka shiga neman kwali. Baba ya tuna ai shi ne aka tokare gajeriyar ƙafar tebur da shi tun shekarar da aka kawo kwamfutar. Bai kai ga cewa a riƙe teburin ba, Injiniya ya sunkuya ya fizgo. Tebur ya karkata, lasifika ɗaya ta gangaro ta sami ƙeyarsa, kofin da ya ajiye ya juye a wandonsa tun daga cinya har gwiwa. Mai Aski ya tare kwamfutar da ƙirji. Injiniya ya miƙe yana ɗiga, ya ce a aiki irin wannan dole a yi gumi. Ya buga lambar sau uku, sau uku ana ce masa ba daidai ba, don kallo ɗaya yake yi mata ya ƙarasa sauran da ka. Sai da Auta ta karɓi kwalin ta karanta masa harafi bayan harafi.

Zuwa lokacin minti biyar ta zama awa uku. Masu jiran aski sun gaji da zama a shago sun biyo sawun mai shagon, wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta biyo Tela, maƙwabta suka ga taro suka ƙaru. Tagar falon ta cika da kawuna. Injiniya ya ga jama'a, ya gyara birukansa, ya ce kowa ya buɗe ido, irin wannan ba kullum ake gani ba. Ya matsa gefe ya nuna wa Baba kujera da hannu biyu, sannan ya fasa, ya zauna da kansa ya buɗe wasan.

Ba gada. Ba Shuɗiya. Wani fili ne fetal, an jera robobin koyon tuƙi, a tsakiya ga wata 'yar farar mota da ko buhu goma ba za ta ɗauka ba. A kusurwar da lambobin Baba suke zama, sifili ne guda ɗaya. Wani rubutu ya fito da wata kibiya tana nuna ƙasa. Sauti kuwa har yanzu babu.

"Auta, me aka ce?"

Ta so ta ce ba ta gani sosai. Amma Baba ne ya tambaya. Ta karanta masa: barka da zuwa, sabon direba. Darasi na farko, wannan shi ake kira birki.

Wani a taga ya fara dariya ya haɗiye ta. Baba ya cire hular da ya riga ya sa don shirin tuƙi ya ɗora a gwiwa, ya yi ta kallon 'yar farar motar. Injiniya ya cika shirun da magana. Ya ce laifin masu wasan ne, ya daɗe yana cewa ba su iya aiki ba. Ya ce ƙura ce ta cinye kilomitan tun kafin ya zo. Ya ce in an duba ma alheri ne, sabon farawa yana mayar da tsoho yaro. Ya ce shi da kansa zai riƙa zuwa yana tuƙawa, wata ɗaya ya isa ya mayar da miliyan, don shi ba ya tsayawa a danja.

Baba bai dube shi ba. "A gefen gada na bar ta," ya ce. "Na ce mata ina zuwa."

Auta ta ji wani abu ya tsinke mata a ƙirji, abin da ta shekara biyu tana ƙullawa. Ta tako har gaban tebur.

"Tashi."

"Auta, wannan ba aikin da za ki..."

"Tashi daga kujerar Babana."

Ya tashi. Ta zauna, ta buɗe tafin hannunta, ta soka filas ɗin. Ta rufe wasan tukuna, don akwatin farko haka ya ce. Duk rubutun da ya fito sai ta karanta shi a fili, a hankali, yatsa a kan allo, falo da taga suna saurare kamar ana karanta wasiyya. Foldar tana nan a cikin filas ɗin, amma ko cikakkiya ce, Allah masani. Ta mayar da ita mazauninta. Aka tambaye ta ko a maye gurbin sabuwar da tsohuwar. Ta karanta sau biyu, ta duba wace ce tsohuwa wace ce sabuwa, sannan ta danna. Injiniya ya buɗe baki, Mai Aski ya ɗora masa hannu a kafaɗa ya ce ya huta, ya yi aiki da yawa yau.

Ta buɗe wasan. Allo ya yi duhu, ya daɗe a haka. Sai ga ƙarfen gada. Sai ga gefen hanya. Sai ga Shuɗiya a fake inda aka bar ta, tayoyi a miƙe. Tela ya matso ya ƙirga lambobin kusurwa da yatsa, ya ce suna nan cif, saura dubu ɗaya da ɗari shida. Taga ta ɗauki sowa. Baba ya matso gaban allo. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya ɗan shafa kan Auta kamar yadda yake yi tana ƙarama.

Injiniya ya yi gyaran murya ya sanar da jama'a cewa dama haka ya tsara. Gwada ta yake yi, ya ga ko abin da yake koya mata ya zauna. Mai Aski ya ce to madalla, amma shi har yanzu bai ji kukan inji ba, kuma ai don shi aka taru. Injiniya ya ce wannan ƙaramin abu ne, sai an sake cire wasan an sake sawa, yanzu hannunsa ya faɗa. Ya miƙa hannu zai kama linzamin kwamfutar. Hannun Baba, wanda ya shekara talatin da huɗu yana murɗa sitiyarin ƙarfe, ya kama wuyan hannunsa a hanya ya mayar masa da shi gefen jikinsa.

Daidai nan Mama ta shigo da dutsen guga da zanin shimfiɗa. Ta ce a ba ta wuri, tun rana take son yin guga an tare mata soket, in ya so ta busar wa ɗan nan da wandonsa. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta ɗago da baƙin fulogin nan da aka ture gefe.

"Wa ya jefar min da wannan? Shi nake cirewa in sa dutsen guga. Ranar Talata ne ma na manta ban mayar ba."

Ta soka shi a soket don ta nuna inda yake zama.

Lasifikar da aka murɗe har ƙarshe tun da rana ta saki rurin injin babbar mota a cikin ɗan falon nan. Gilashin taga ya yi rawa, kawuna suka watse suka dawo. Tela ya tafi da baya shi da kujerarsa. Injiniya ya yi tsallen da bai san ya iya ba, kusoshi uku suka zubo daga aljihunsa suka yi ta gangara a kan siminti, kowa yana bin su da ido har suka kwanta.

Dariyar da aka yi, har matar da ta zo karɓar ɗinki sai da ta zauna a ƙasa. Baba ya rage sauti, ya dubi Mama ya ce kwana huɗu, kwana huɗu cur. Mama ta ce ba wanda ya tambaye ta, kuma ita dai ta ji daɗin kunnenta a kwanakin nan. Mai Aski ya tsince kusoshin ya danƙa wa Injiniya a hannu, ya ce ya adana, in jirgin saman nan ya sake lalacewa za su yi amfani. Baba ya ce ɗan nan yana iya dawowa gidan duk ranar da ya so, akwai wuri a baya tare da fasinjoji, da sharaɗin hannuwansa su zauna a aljihu har a sauka.

Injiniya ya sulale ya fita. Auta ta same shi a bakin ƙofa, wando a jiƙe, ƙura a gira, biro ɗaya ya ɓata. Mutanen taga suka juyo gaba ɗaya, ba su ko yi kunyar saurare ba.

"Tun yaushe kika san ban iya ba?" ya tambaya, ido a ƙasa.

"Tun ranar da wayata ta faɗi a kan kanta."

Ya juya kusoshin a tafinsa. Ya kasa haɗa ido da ita, kamar ranar farko. Daga ciki aka ji Baba ya sa giya, ya danna oda sau biyu, Shuɗiya ta hau gada.

Auta ta ce wata shida yana neman kalma ɗaya, to yau za ta ba shi, amma akwai magana a gaba. Bai bari ta kai ƙarshe ba, ya ɗago da sauri ya ce ya yarda, ko mene ne ya yarda.

"Tsaya. Ban gama ba."

Ya tsaya.

"Zan aure ka. Kuma ga mutane suna ji, na yi maka alkawari: duk rubutun da ya fito a gabanmu, a takarda ne ko a allo, sai na karanta shi a fili har ƙarshe kafin yatsanka ya taɓa komai."